Kwalin da Yaya ya bari

A Zangon Agege aka yanke mini cibiya, cikin 1972. Babanmu falken goro ne daga Kano, yana saye a Shagamu da ƙauyukanta, a ɗaure huhu-huhu a loda wa mota ta yi arewa. Mu bakwai ne a ɗakin Inna, amma wanda na tashi ina bin ƙafarsa shi ne babban wanmu, wanda ya ba ni shekara tara. Yaya muke ce masa, Inna ma haka take kiransa saboda alkunyar ɗan fari. Ya ƙi goro, ya ajiye boko a aji uku na sakandare, ya koyi gyaran rediyo a wurin wani Bayarabe, daga baya ya kafa ɗan shagonsa na katako a gefen layin dogo. A wannan shago na fara jin Fela Kuti, mawaƙin nan Bayarabe na Legas.

Waƙa ɗaya takan cinye fuskar kaset guda. Sai a yi minti goma ana kiɗa tsagwaronsa, ganga da jita da ƙahonin ƙarfe suna ta luguden abu ɗaya kamar mata a bakin turmi, har ka manta da akwai mai waƙa, sannan ya buɗe baki. Yaya yakan ɗaga ƙarfen liƙinsa sama ya ce, "Kasa kunne ga mai gangar nan. Tony Allen ke nan, hannu huɗu Allah ya yi masa." Da Turancin buroka Fela yake waƙa, wanda ɗan dako da mai tumatir da kwandastan bas ɗin haya na molue duk suna ji, shi ya sa maganarsa ba ta tsaya a kan Yarabawa kaɗai ba.

Baba ko sunan ba ya son ji. Shi nasa kalangu ne da kuntigi in an sako a rediyon Kaduna da dare. Cewa yake, mutumin da 'yan jarida ke tararwa zaune da ɗan kamfai, da naɗin wiwi kamar karan rake a hannu, wace nasiha zai yi wa ɗan Musulmi? Yaya ba ya musu da Baba. Sai mun koma shago yake sauke mini amsar, kamar ni na yi tambayar.

Daga bakinsa na haddace labarin 18 ga Fabrairu 1977, 'yan kwanaki bayan an tashi daga FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas. Fela ya yi waƙar da ya kwatanta soja da gawar da aka tayar da tsafi, wadda ba ta motsi sai an ce ta motsa. Ran nan sojoji wajen 1,000 suka kewaye gidansa da ya raɗa wa suna Kalakuta, a kan titin Agege Motor Road wajen Mushin, suka lakaɗa wa mutanen ciki duka, suka jefo mahaifiyarsa ta taga daga bene, suka cinna wa gidan wuta. Tsohuwar ta haura shekara 70, kuma ba ƙaramar mace ba ce: Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta ja matan Abeokuta suka yi bore kan haraji har sai da sarkin garin, Alake, ya sauka daga gadonsa na wani lokaci a 1949. Ba ta sake miƙewa sosai ba, ta rasu a Afrilun 1978. Kwamitin bincike ya ce sojan da ba a san ko wane ne ba ya yi aikin. Fela ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin Dodan, inda fadar gwamnati take a lokacin. Yaya yakan rantse cewa da idonsa ya ga hayaƙin gidan daga cikin mota. Yana da shekara 14 a lokacin, kuma mutum ne mai sa wa labari gishiri, don haka na bar wa Allah sani.

A 1984 wata la'asar Baba ya shigo gida babbar rigarsa duk ƙasa, hularsa a hannu. Bai ce wa kowa komai ba, ya wuce ɗaki. Yaron da ke riƙe masa jaka ne ya faɗa mana: wasu sojoji ne a tashar mota suka ce bai bi layi ba, suka sa shi tsallen kwaɗo riƙe da kunnuwa, dattijo mai furfura, jama'a na kallo. Da dare Yaya ya ɗauko rikodarsa ya ajiye a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, ya sa waƙar nan ta sojoji. Kowa ya yi tsit yana jiran tsawa daga ɗakin Baba. Kaset ya juya har ya ƙare, tsawa ba ta zo ba. A watan Satumban shekarar aka kama Fela a filin jirgin Legas kan maganar kuɗin waje, aka yanke masa shekara biyar, har gidan yarin Maiduguri aka kai shi kafin a sake shi a 1986. Ranar da aka faɗi hukuncin na ji Baba, yana alwala, ya ce a hankali, "Allah ya fid da shi."

Sau ɗaya tak Yaya ya kai ni gidan rawar Fela da ke titin Pepple a Ikeja, ina da shekara 17, bayan mun yi wa Inna ƙaryar za mu kwana a shago saboda ɓarayi. Sai da dare ya raba sannan mutumin ya fito. Siriri ne, bai kai yadda nake zato ba. Hayaƙi ya cika wurin har idona na ruwa, 'yan mata masu rawa sun yi zanen fari a fuska, shi kuma kafin ya busa ƙaho sai ya tsaya ya yi ta zagin manyan ƙasa da sunayensu, ana shewa. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin abin da na ji a daren ba. Na tashi a garin da kowa ke sunkuyar da kai in ya hangi kaki, ga mutum ɗaya tsaye ba riga, jikinsa duk tabon duka, yana kiran sunan wanda ya ga dama.

To, Yaya bai tsaya a kiɗan ba. Ya ɗauki wiwi, ya ɗauki kwanan waje, ya ɗauki mata. A 1991 Baba ya aurar masa da 'yar amininsa daga Zariya, da fatan aure zai zaunar da shi. Yarinya ce mai kunya amma bakinta da kaifi in an kai ta bango. Saboda wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji, "mijina ƙarami" take ce mini, ni kuma in ce mata Anti. Na sha jin su ta bango. In ta yi ƙorafin dare, sai ya ce ai mutuminsa Fela mata 27 ya aura rana ɗaya a 1978, ita ɗaya ta ishe shi da surutu. Wata rana na ji ta ce, "Shi dai a bainar jama'a ya ɗaura, kowa ya san su. Kai naka a ina aka shafa fatiha?" Abin da ya biyo baya mari ne. Ina kwance ina ji, ban tashi ba.

Mu Hausawa mun daɗe da iya wannan rabon da ake ta gardama a kai yanzu, wato raba waƙa da halin mai ita. Makaɗi ya zo biki mu yi masa kari, mu haddace waƙarsa, mu rera a gona da kasuwa, amma in ya aiko neman 'yarmu sai a ce gidan ba a ba maroƙi. Mun karɓi muryar mun bar mutumin a ƙofar gida. Na daɗe ina ganin wannan rashin adalci ne, kuma har yanzu ina gani. Sai dai na fahimci yana da sauƙi ne kawai in mutumin na waje ne. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ba ya iya barin rabinsa a zaure.

Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, yana da shekara 58. Washegari wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya zauna gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ne ya kashe ƙanensa. Wanda bai ga wancan zamani ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A lokacin "kabari kusa" ake ce wa cutar. Ba a kiran sunanta a gidan mutunci. In ta kashe mutum sai a ce taifot ne, ko sammu, ko gajeriyar rashin lafiya. Kuma Fela da kansa ya sha cewa cutar ba gaskiya ba ce, yana yi wa kororon roba ba'a. Ga ɗan'uwansa na jini ya fito ya faɗa wa duniya, gawa ko binnewa ba a yi ba. Ɗaya ɗan'uwan nasu, Dakta Beko, yana tsare a gidan yarin Katsina a lokacin, gwamnatin Abacha ta ɗaure shi tun 1995.

Yaya ya ce ƙarya ne. Ya ce an kashe shi ne, an kuma biya wansa ya ɓata masa suna. Ya rufe shago ya tafi dandalin Tafawa Ɓalewa inda aka ajiye gawar, ya bi jerin gwanon har Ikeja da ƙafa, ya dawo muryarsa a dishe. A lokacin ya riga ya fara wani tari da ba ya jin magani, wandunansa sun fara yi masa yawa.

Ina aiki a wani kemis a unguwarmu. Bayan kamar mako biyu Anti ta shigo da goyon 'yarta, ta jira har mutane suka watse, ta ce, "Mijina ƙarami, cutar nan da likitan ya ce ta kashe mutumin yayanka, yaya ake gane ta a jikin mutum?" Ba wasa a muryarta ko kaɗan. Na ce jini ake aunawa. Ta ce, "Ka kai ni. Kada ya sani."

An samu a jininta. An samu a jinin jaririyar. Ɗansu na fari, wanda aka haifa a 1992, Allah ya tsare shi. Yarinyar ba ta kai shekara biyu ba ta koma.

Na je wa Yaya da maganar a shago. Ina tuna ya rage muryar rikoda, bai kashe ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ma sun saye ka? Kwana nawa ka yi a kemis da za ka koya mini ciwo?" Ya ce jifa ne daga wani abokin sana'a. Ya sha rubutu, ya sha saiwa, ya yi turare, ya sayar da kayan shago ɗaya bayan ɗaya yana kai wa masu magani. Ban ɗora wa Fela wannan ba, kuma ba zan ɗora ba. Bai san da wani mai gyaran rediyo a Agege ba. Maganar cewa cutar ƙaryar Turawa ce don a hana mu haihuwa tana kowace majalisa a lokacin, har a bakin waɗanda ba su taɓa jin kiɗansa ba. Yaya da ƙafarsa ya je inda ya je, da bakinsa ya ƙi awo. Abin da ya yi kawai shi ne ya sami babban mutum ya laɓe a bayansa.

A 1999 muka kwaso shi zuwa Kano, gidan kakanninmu. Ya cika da daminar 2000, ya rame har ina ɗaukarsa da hannu biyu kamar yaro. A zaman makoki ina kan tabarma kusa da Baba, mutane na shigowa suna cewa, "Ashe haka Allah ya yi? Me ya same shi?" Ni ne mai ilimin magani a gidan, ni ake kallo. Na buɗe baki na ce, "Taifot ne, ya ci jikinsa." Na faɗa ya fi sau hamsin cikin kwana uku. Duk lokacin da na faɗa sai fuskar likitan nan mai tabarau ta faɗo mini, wanda ya zauna gaban kyamara ya faɗi ta ƙanensa. Shi yana da suna da muƙami da zai ɓata, ni ba ni da komai, amma na kasa.

Cikin kayan Yaya akwai kwalin madara cike da kaset-kaset, kowane da rubutun hannunsa a jiki. Na ɗaure shi da igiya na tura ƙarƙashin gado. Shekara goma sha biyu ban saurara ba. In na shiga mota aka sa, sai in ce wa direba kaina na ciwo. Ba fushi nake da mai waƙar ba. Da na ji ƙahon nan sai in ji warin ɗakin jinya, in ji marin nan ta bango, in ji kaina ina cewa taifot.

Anti ta rayu, kuma wannan shi ne abin da har gobe nake yi wa Allah godiya a kai. Ta yi ta fama har gwamnati ta fara rabon maganin rage kaifin cutar a 2002, da farko ga mutane kaɗan kuma da biya, kafin a mai da shi kyauta a 2006. Ta samu shiga a 2004, tana kamar tsinke. Yau in ka gan ta ba za ka ce ta taɓa kwanciya ba; tana koyarwa a Islamiyya, tana sayar da atamfa. Ni kuma na koma makarantar koyon aikin lafiya, yanzu a sashen da ake ba da wannan maganin nake aiki. Da likitan nan bai yi magana ran 3 ga Agusta ba, ba na jin za ta shigo kemis ta yi mini waccan tambayar. Ɗanta kuwa mun gaya masa a wurin ƙarin jini ta samu. Ni na ƙirƙiro wannan ma.

A Janairun 2012, da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, yaron yana jami'a, yana cikin masu zanga-zangar da suka kwana a shataletalen Silver Jubilee a Kano. A Legas kuma 'ya'yan Fela, Femi da Seun, suna kan dandamali a Ojota. Ya dawo gida da ƙura a kai, wayarsa na fitar da kiɗan da na sani tun kafin a haife shi. Ya ce, "Baffa, ka san wannan mutumin? Abin da ya faɗa shekara talatin da suka wuce kamar jiya ya rubuta. An ce Abbana ma nasa ne. Wai akwai kaset-kaset ɗinsa a wurinka?" Idonsa na ƙyalli irin na Yaya sak. Gabana ya faɗi.

Na je wurin uwarsa na ce ga abin da ake ciki. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba shi kwalin, gadonsa ne. Amma ka haɗa masa da sauran. Na gaji da riƙe wa yayanka asiri, ya bar ni da kayan ya tafi." Na ce ai an hana zagin mamaci, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ta ajiye rariya ta dube ni ta ce, "Wa ya ce ka zage shi? Shaida za ka bayar."

Na zaunar da shi a zaure bayan isha'i. Na ba shi labarin tsallen kwaɗo da daren da kakansa ya yi shiru. Na ba shi na tsohuwar da aka jefo ta taga. Na gaya masa mutumin da yake saurare ya sha ɗauri da duka a kan gaskiyar da manyan malamai da 'yan boko suka ji tsoron faɗa, kuma shi ɗin dai yana da waƙar da ya kwatanta mace da katifa, ya tara mata ya sake su, ya ƙaryata cutar da take cin jikinsa. Sannan na gaya masa na ubansa: hannunsa mai albarka da ba rediyon da ke gagararsa, kyautarsa, yadda ya biya mini kuɗin jarrabawa da kuɗin da ya tara na sayen babur. Da marin. Da ƙanwarsa da bai tuna fuskarta ba. Da inda uwarsa ta samu cutar. Da taifot ɗina.

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To Baffa, in saurara ko in bari?" Na ce ban sani ba, ni ma shekara goma sha biyu ke nan ina tambayar kaina.

Har yanzu in gardamar ta tashi a majalisa, wani ya ce a ji kiɗa a ƙyale halin mai shi, wani ya ce ɗan wiwi ba shi da abin faɗa, nakan ga duk cikinsu ba wanda ya yi jinyar kowa. Na farkon yana so ya yi rawa ba tare da an tuna masa da matan ba. Na biyun yana neman hujjar toshe kunne daga maganar da ta shafi sojan da shi ma yake tsoro. Ni na koma saurare, amma ba kamar da ba. Akwai waƙoƙin da nake tsallakewa. Akwai wadda ya yi a kan mahaifiyarsa, wadda ba na iya sawa ina tuƙi.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan hirarmu, yaron ya samo tsohuwar rikoda a Sabon Gari, ya goge kanta da auduga da sifirit kamar yadda na nuna masa ubansa na yi. Rabin kaset-kaset ɗin sun manne, wasu zaren ya tsinke. Na huɗu da muka gwada ya tashi, da ɗan shuu a ƙarƙashi. Muna tsakar gida, Anti na bakin murhu. Gangar ta shigo, jita ta biyo, ƙahoni suka ɗauka. Na saci kallonta, na ga yatsunta na bugun gefen tukunya daidai da kiɗan, ita ma ba ta sani ba. Da ta lura ina kallo sai ta janye hannun, ta goge a zani.

"Kiɗan dai ba shi da laifi," in ji ta. "Amma ba a tsakar gidana ba. Ku fita da shi zaure."

Yaron ya ɗauki rikoda, na ɗauki kwalin, muka fita.